Layin da Ya Karkace a Idon Kawu

Kawuna mai sa tayil ne. Shekara ashirin da bakwai yana durƙushe a ɗakunan mutane, shi da ƙanensa. In zai duba layi, sai ya runtse idon hagu ya auna da na dama, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Wata rana yana kwaɓa siminti ya ga kamar an saki baƙin labule a gefen idon daman nan. A asibiti aka ce tantanin da ke can bayan ido ne ya ɓalle. Aka yi masa aiki aka mayar da shi. Likitar da ta yi aikin ta ba shi maganin ɗigawa, ta ce in ya ga wani canji ya dawo da wuri. Da ido ya washe, Kawu ya jefa kwalbar a akwatin kayan aiki ya manta da ita.

Bayan wata biyu ya dubi falon da ƙanensa ya shimfiɗa, ya ce, "Wannan layi ne ko tafiyar maciji? Fasa!"

"Yaya, wallahi da igiya na ja shi."

"Ni za ka koya wa aiki?"

A gaban mai gidan ya sa shi ya ɓamɓare rabin ɗakin. Da aka yi haka sau uku, ƙanen ya tattara kayansa ya tafi.

Sai da Kawu ya fara cewa ƙofar ɗakinsa ma ta karkace, matarsa ta ce, "Ita ma ƙanenka ne ya kafa ta?" Washegari ya koma asibiti.

Likitar ta ɗauki hoton idon, ta nuna masa inda ruwa ya taru, tsakiyar tantanin ta kumbura, shi ya sa yake ganin layi a karkace. Ta ce sai an yi allura a cikin idon. Jin haka Kawu ya ce zai yi shawara, ya ƙara ɓata wata uku. Da ya koma, sau huɗu aka yi masa allurar, ko zafin kirki bai ji ba. Kumburin ya sauka, amma tsakiyar ganinsa ta ci gaba da yin dishi-dishi.

Ya je har inda ƙanensa yake aiki ya ba shi haƙuri. Ƙanen ya ce, "Ba komai, Yaya," ya ba shi kujera, ya ci gaba da aikinsa. Bai dawo aiki da Kawu ba.

Yanzu Kawu yana tsaron shagon kayan gini na surukinsa.