Tarihin Malama Ina-Hujja, Wadda Ta Tura Ɗalibanta Musu da Masana

Haihuwa da Tasowa

An haifi baiwar Allah da aka fi sani da Malama Ina-Hujja a shekarar 1959, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa yake ratsawa ba ya tsayawa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta tela, ita ce kuma ta huɗu cikin 'ya'yansu shida. Tun tana ƙarama ƙwari take bi, har mahaifiyarta takan ce, "Ke dai in an aike ki ɗebo ruwa, sai an aiki wani ya ɗebo ki," domin a tsugune ake samun ta gaban jerin tururuwa, bokiti na gefe babu ko ɗigo.

Karatu

Ta shiga firamare a 1966, ta wuce sakandare a 1973, sannan ta sami shaidar malanta a 1981. Bayan shekaru tana koyarwa ta koma jami'a da goyo a baya, ta kammala digiri a ilimin halittu a 1990.

Aure da Iyali

A 1982 ta auri wani mai gyaran famfo, mutum mai barkwanci da haƙuri, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. Gidansu ya cika da kwalabe masu ƙwari, har maigidan yakan gargaɗi baƙi cewa, "A gidan nan sai ka duba kwalba sau biyu kafin ka zuba a shayi."

Aikin Koyarwa

A 1991 ta kama aiki a sashen ilimin halittu na wata kwalejin horar da malamai. A nan ta sami laƙabinta, domin duk amsar da ɗalibi ya bayar, ko da daidai ce, sai ta gyara tabarau ta ce, "Na ji. Ina hujja?"

Zuwa 2013 sashen ya tsufa a tsaye. Madubin duba ƙananan halittu biyu ne suka rage, littattafan kuwa sun girmi masu karanta su. Hukumar kwalejin ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai, ta kuma sanar cewa idan masu bincike suka zo bayan shekara biyu ba su ga wani abin kirki ba, za a rufe sashen baki ɗaya. Ɗalibai ashirin da uku ne suka rage a hannun Malama.

Aikin Dandali

Cikin wannan hali ne babbar 'yarta ta nuna mata wani dandali a intanet, inda masana ƙwari daga ƙasashe da dama suke tambayar juna, suna amsawa, suna gardama a kan hoto guda har sati. Malama ta karanta, ta miƙe tsaye, ta sake zama. Washegari ta shiga aji da sauri kamar an biyo ta, ta sanar cewa kashi ɗaya cikin uku na makin zangon zai fito ne daga shiga wannan dandali.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Ɗaliban, kasancewarsu 'ya'yan mutunci, suka shiga rana ɗaya, kowa ya zuba gaisuwa: ina gajiya, yaya iyali, yaya ɗawainiya, Allah ya ƙara basira. Babu wanda ya tambayi komai. Mai kula da dandalin ya ga saƙo ashirin da uku iri ɗaya, ya ɗauka masu tallan banza ne, ya rufe su duka cikin kwana biyu. A ɗakin malamai kuwa abin nema ya samu. "Malama, ashe har a can ma an koro 'ya'yan naki?" in ji malamin lissafi. "Sun je gaisuwa ne," in ji ta, "yanzu za su koma aiki."

Ta rubuta wa mai kula da dandalin bayani, aka sake buɗe musu. Daga nan ta kafa ƙa'idojin da suka zama sanannu: gaisuwa layi ɗaya, sati guda ana karatu kafin a ce uffan, kowane wata tambaya ɗaya da amsa ɗaya, kuma kafin zango ya ƙare, kowa sai ya saɓa wa wani masani, cikin ladabi, da hujja a hannu. Wannan ta ƙarshe ce ta tayar da ƙura. Shugaban ajin ya ce, "Malama, mutumin da ya rubuta littafin da muke karantawa, shi zan ce wa ya yi kuskure? Ai sa'an kakana ne." Ta ce, "Ƙwaron bai san shekarunsa ba."

Ɗakin kwamfuta na kwalejin yana da na'ura tara, shida ke aiki, amma daga wannan zango ya zama kasuwa. Ana layi tun safe, mutum uku a kujera biyu, wanda aka amsa wa tambaya yakan fito baranda yana shela kamar an yi masa haihuwa.

A cikin ajin akwai wata matar aure da ake kira Maman 'Yan Biyu, mafi shekaru a cikinsu, mai zama a baya, ba ta cika magana ba. Wani babban farfesa a dandalin, wanda ɗaliban suke kira Dattijo, ya rubuta cewa wani ƙwaron hatsi ba ya hayayyafa a watannin sanyi. Ita kuwa ta sha ganin ƙwansa a ɗakin ajiyarta a daidai wannan lokaci. Kwana arba'in ta yi tana ɗaukar hoto, ma'aunin zafi a gefen buhu. Ta rubuta bayaninta, sannan ta riƙe shi sati uku ta kasa aikawa. A watan Fabrairun 2014 Malama ta ja kujera ta zauna kusa da ita, har ɗalibar ta danna maɓallin aikawa da kanta.

Kwana huɗu shiru. A na biyar amsar Dattijo ta zo: ita ce da gaskiya, shi ya yi kuskure, yana kuma roƙon ta aiko da sauran hotunan. Hayaniyar da ta tashi a ɗakin sai da ta fito da shugaban kwalejin daga ofis, yana zaton gobara ce.

Zuwan Masu Bincike

Masu bincike sun iso a watan Mayun 2015. Da suka nemi ganin ɗakin gwaje-gwaje, Malama ta nuna musu madubai biyun nan ba tare da ɓoye-ɓoye ba, sannan ta ajiye musu shafi ɗari uku na muhawarorin ɗalibanta. Jagoransu ya faɗi wata magana ta kuskure da gangan a kan hayayyafar sauro don ya gwada ajin, sai shugaban ajin nan ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ba haka ba ne," ya kuma kawo dalili biyu. Shugaban kwalejin ya fara share gumi. Jagoran ya dubi takardunsa, ya yi dariya, ya ce a kawo masa kujera, zai ƙara awa ɗaya.

Rahotonsu ya yi shekara biyu a teburin hukuma. Ɗalibai ashirin da ukun suka kammala suka tafi, Malama ta zauna da aji babu kowa, tana zuwa kullum tana goge madubanta. A watan Maris na 2017 takarda ta fito: an janye dakatarwar, an ɗauki ɗalibai sittin da ɗaya.

Rasuwa

Zango biyu ta koyar da su kafin ciwon zuciya ya kwantar da ita. Ta rasu da hantsin ranar Talata, 6 ga Fabrairu, 2018, tana da shekara hamsin da takwas, aka yi jana'izarta bayan la'asar a maƙabartar da ke bayan tashar mota. Sababbin ɗaliban nan sittin da ɗaya sun cika layin gidan har mota ba ta iya wucewa.

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya biyar: Yaya Babba, ma'aikaciyar ɗakin karatu, Dogo, wanda ya gaji sana'ar mahaifinsa, Likita, mai duba dabbobi, Gajere, direban babbar mota, da Auta, wadda take aji biyu a sashen da ba a rufe ba. Allah ya haskaka makwancinta.