Thaddeus da Maigadin Murjani

Duk wanda ya shiga falon Thaddeus mai gyaran firji a Karshi, bango ne zai fara ba shi mamaki. Fes yake, ko ƙusa ɗaya babu. Kalandar coci tana jingine a kan tebur, hoton aure yana ƙasa bayan kujera, agogon bango kuwa, wanda sunansa ma ya faɗi inda ya kamata ya zauna, yana kan firji an tokare shi da gwangwanin madara. Haka agogon nan yake yawo daga kan firji zuwa kan firji tun 'yarsu Kindness tana firamare, ga shi yanzu har ta yi aure.

Thaddeus mutumin Kagoro ne, dogo siriri, ya shigo Abuja yana saurayi da jakar kayan aiki a kafaɗa. Hannunsa na da kyau, wannan ba a musu. Firjin da kowa ya ce ya mutu, shi zai kara kunne ya ce da sauransa. Amma fa zama! A tsaye yake shan shayi. A coci kujerar bakin ƙofa ce tasa, ƙafa tana rawa har a ce amin. In ka ce masa, "Haba Oga, zauna mana," sai ya yi dariya ya ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi." Ya faɗi karin maganar nan har matarsa Patricia ta tsani kifi a baki, ko da yake a miya ba ta ƙi ba.

Da can ba haka yake ba. Farkon aurensu ya gina ɗaki da falo da hannunsa a wata unguwa da yanzu ko sunanta babu. Ya shafa shuɗin fenti, ya kafa kanta, ya rataye komai a inda ya dace. Wata safiya aka wayi gari da jan fentin alamar rusau a bango, ba a jima ba katafila ta iso. Abin da ya iya cirowa daga bangon nan agogon ne kaɗai, ya tsaya a titi rungume da shi yana kallon ƙura. Bai yi kuka ba, amma tsoro ya shige shi ranar, kuma bai sake fita ba. Tun daga nan ya ɗauki alkawari da kansa: ba zai ƙara mallakar abin da ba zai shiga bayan a-kori-kura ba.

Sai ƙaura. Nyanya, Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Gwagwalada, a sake komawa Nyanya. Ba mai gida ke korarsu ba, a'a. Da ya ji maƙwabta sun fara sanin sunansa, da mai shago ya fara ba shi kaya ba tare da tambaya ba, sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Patricia ta bi shi da tukwane da katifa har ta gaji. Ita ce ta tsaya da sana'ar ƙanƙara da zoɓo, ta samu fili a Karshi mai takardu cikakku, ta ɗora bulo a kan bulo. Ranar da suka tare ta zaunar da shi da ƙyar ta ce, "Baban Kindness, ka saurare ni da kyau. Daga gidan nan sai kabari. In ƙafarka ta sake motsi, kai kaɗai za ka tafi, kuma ba na jira." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta tsorata shi.

To, mutumin da ke gudun abu mai nauyi, me ya haɗa shi da tankin ruwan teku? Aiki ne ya kai shi wani gida a Maitama, gyaran injin sanyaya ruwan kifi. Ya shiga, ya ga akwatin gilashi mai tsawon gado, ciki duwatsu, a kan duwatsun wasu abubuwa kamar furanni suna lilo a ruwa, kore da ja da ruwan hoda. Aka ce masa murjani ne, kuma da ransa. Mai gadin gidan ya rantse cewa Thaddeus ya zauna a ƙasa yana kallo har shayin da aka kawo masa ya huce. Thaddeus, zaune! Mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai a talabijin.

Ya haɗa nasa tankin da kansa, ɗan madaidaici, daga gilashin wani tsohon shago. Patricia ta ce, "Murjanin da na sani a wuya ake sa shi. Naka kuma har da shan wutar lantarki?" Amma ta matsar masa da kujera don tankin ya samu wuri, a ranta tana murna, don ta lura abin nan ba ya ɗaukuwa.

Sauran kayan a wurin Ɗangoggo ya samu, wani Bakatsine mai shagon kayan kifin ado a Wuse, mai faɗin gaskiya ko da za ta hana shi ciniki. Shi ya koya masa haɗa gishirin teku da tataccen ruwa, ya kuma ce a bar ruwan ya nuna na wasu makonni kafin a sa mai rai a ciki. Wannan jiran ya kusa kashe Thaddeus, kullum yana zagaya tanki kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Da ruwa ya nuna, ya kawo kifi biyu masu ruwan lemo da 'yan gutsattsarin murjani, ɗaya kore mai laushi, ɗaya mai rassa kamar yatsu.

"Yanzu saura maigadi," in ji Ɗangoggo.

Maigadi shi ne sunan da ya raɗa wa na'urar da ke lura da tanki. Ya ce murjani ba ya magana, ba ya gudu. In ruwa ya yi zafi ko ya daina motsi, sai dai ka ga ya yi fari, shi ke nan ya tafi. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, rana kuma tana dafa ƙwai, dole a samu mai tsaro. Ya ɗora kwali biyu a kan kanta.

Na farko ƙarami ne, kamar sabulu. Ana maƙala shi a bakin tanki, ya riƙa auna zafin ruwa, in ya ga abin da bai yi masa ba ya aiko saƙo a waya. Na biyun babba ne, da jerin soket da wayoyi da 'yan sanduna masu shiga ruwa. Shi ba ya tsayawa aike. In ruwa ya yi zafi ya kunna injin sanyi, in wuta ta tafi ya mayar da famfon motsa ruwa da fanka kan batir, in ruwa ya ragu ya ƙara.

"Wannan ai shi ne maigadi," in ji Thaddeus, idonsa na ƙyalli. "Ina ake ajiye shi?"

"Ba a ajiye shi, Oga. Kafa shi ake yi. Za ka huda bango ka ɗaure shi sama da ruwa, ka bi da wayoyin ta jikin bango zuwa batir. In ya zauna, ya zauna."

Thaddeus ya janye hannunsa daga kwalin kamar ya taɓa garwashi. Ya fita, ya zaga kasuwa, ya dawo. Ya tambayi ko za a iya ɗora shi a kan kujera. Ɗangoggo ya ce gishiri zai cinye shi. Ya sake fita. Kwana da kwanaki yana wannan sintiri tsakanin Karshi da Wuse, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya juya, har Ɗangoggo ya ce, "Oga Thaddeus, ko mata aka ba ka zaɓi ai da ka gama."

Abin da Ɗangoggo bai sani ba, akwai wata magana a ƙasa. Ebenezer, tsohon abokin aikin Thaddeus, ya kira daga Lokoja. An buɗe babban ɗakin sanyi na 'yan kifi a bakin kogi, ana neman mai kula da injuna, har da ɗakin kwana. Tun da ya ji, ƙafar nan ta fara. Ya san abin da Patricia ta faɗa, ya san ba ta maimaita magana, amma ya riƙa lallashin kansa cewa dubawa kawai zai je. Ya sayi ƙaramin maigadi. Ya ce da ita, "Kin gani? Ko ina nake, zan san halin da gida ke ciki." Ta dube shi, ta dubi abin, ta ci gaba da ƙulla zoɓonta.

Ranar da ya tafi Lokoja cikin watan Maris ne, zafi kamar a cire fata. Yana tsaye cikin ɗakin sanyi Ebenezer na nuna masa injuna, wayarsa ta yi ƙara. Wuta ta ɗauke a Karshi. Ya ce ba komai, za ta dawo. Wayar ta sake ƙara: ruwa na ɗumi. Ta sake: ruwa ya yi zafi. Kai, abin nan ya iya kai rahoto! Saƙo kan saƙo, kowanne ya fi na baya muni, shi kuwa yana nan da sukundireba a aljihu, tsakaninsa da tankinsa tafiyar rabin yini.

Ya kira Patricia, ba ta ɗauka ba. Ya bar Ebenezer da baki buɗe ya ruga tasha. Motar ta ƙi cika, ya biya kujerun da suka rage. A Abaji taya ta yi faci. A Gwagwalada cunkoso ya tsaya cak, ya fita ya yi tafiya a ƙasa, ya ga ba riba, ya dawo ya shiga. Wayar na cinyarsa tana ta rawa. Wata tsohuwa kusa da shi ta ce, "Ɗana, mara lafiya gare ka?" Ya ce e, don bai san yadda zai yi bayani ba. A cikin motar nan ne ya gane ba murjanin kaɗai yake tsoron rasawa ba. Shirun wayar Patricia ya fi ƙarar tasa wayar cin ransa.

La'asar sakaliya ya faɗa gida. Ya tarar da Patricia tsaye a bakin tanki, zani ɗaure a ƙugu, gumi ya jiƙe ta sharkaf. Ledojin ƙanƙararta na sayarwa suna yawo a saman ruwa, firiza a buɗe wayam. A hannunta kofi, tana ɗebo ruwan tana zubawa daga sama don ya motsa, kamar mai fifita kunu. Tun kafin azahar take yi. Kifin biyu suna nan. Koren murjanin ya tsuke amma da ransa. Mai rassan kuwa ya yi fari fat kamar ƙashi.

"Na yi ta kira," in ji shi.

"Da wane hannu zan ɗauka?" Ba ta ko juyo ba. Ta nuna ƙaramin maigadin da haɓa, yana ta ƙyafta jar fitila. "Wannan abin naka, da shi da kai uwarku ɗaya. Ya iya cewa akwai matsala. Hannun da zai sa ne babu."

Kunya ta rufe shi. Ya karɓi kofin ya ci gaba da zubawa, sai bakinsa ya kama hanyar da ya saba, a hankali, kamar mai ba da haƙuri: "Ai kin san zama wuri ɗaya..."

"In ji kifi," ta ƙarasa masa. "Na ji. Shekara nawa ina ji. Kifi ne ya faɗa, Baban Kindness, shi da ke da wutsiya. An tambayi murjani?" Ta share fuska da bakin zani. "Ni ma ba a tambaye ni ba."

Ta shige ɗaki. Ya tsaya da kofi a hannu yana kallon farin reshen nan, har aka kawo wuta famfo ya tashi.

Washegari ya riga Ɗangoggo isa shago. Bai zaga ba, bai juya kwali ba. Ɗangoggo ya dubi fuskarsa, ya ɗauko babban ba tare da tsokana ba, ya ce, "Allah Ya sa a kafa a sa'a." A hanya Ebenezer ya kira yana tambayar yaushe zai fara. Thaddeus ya ce, "Ka nemi wani, ɗan'uwa. Ina da abin da ba ya ɗaukuwa."

Ya auna bangon, ya sa alama da fensir. Ya ɗauko injin huda bango, wanda ya huda gidajen mutane da shi ba adadi, ya kafa bakinsa a kan nasa. Nan hannu ya tsaya. Jan fentin nan na da can ya dawo masa a ido sarai, har yana jin ƙarar katafila. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, dattijo da furfura a gaban bangon da ba wanda ya ce zai taɓa. Ya rufe ido ya danna.

Garin siminti ya zubo masa a kan takalmi. Bangon bai faɗi ba. Ya huda na gaba, da na gaba, ya ɗaure maigadin, ya bi da wayoyi, ya kashe wutar gidan don gwaji. Famfo ya ɗan yi shiru, ya ci gaba da kansa.

Yana naɗe wayar injin ya ji motsi a bayansa. Patricia ce, ta ɗauko agogon daga kan firji, ta goge shi, ta riƙe shi a ƙirji da hannu biyu, yadda shi ya riƙe shi a titi waccan safiyar.

"Kar ka naɗe tukuna," ta ce. "Saura ɗaya."