Ɗakin Turare Mai Ƙofa Dubu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina karatun fiziks, aka ce kowa ya kawo batun da zai yi bincike a kai. Ni da tambaya na zo. Na karanta a wata tsohuwar mujalla cewa watakila sarari bai tsaya ga tsawo da faɗi da zurfi ba, akwai wasu fuskokin da ido ba ya gani. To, in yawan fuskokin nan ba shi da iyaka fa? Me zai sami ƙarfin da ke janyo mangwaro ƙasa, yake riƙe wata kada ya ɓace mana?

Kakata a Limanti turaren wuta take haɗawa, don haka da turare na yi wa malamina bayani. Na ce hayaƙi a ɗaki ɗaya yana da ƙarfi. Kowace ƙofa aka buɗe sai ya ragu. In ƙofofin ba sa ƙarewa, ƙamshi ya tafi ke nan. Haka ƙarfin jan zai tsiyaye ta kowace sabuwar fuska, har duniya ta saki rana.

Malam bai ɗago daga takardunsa ba. “'Yata, nan sashen kimiyya ne, ba ɗakin amarya ba. Wa zai duba miki wannan? Je ki auna ƙarfin jan ƙasa da zare da dalma, kamar sauran.”

“Malam, ai bara ma an auna.”

“Bana ma za a auna.”

Na koma gida raina a jagule. Na tarar da Kaka ta kifa kwando a kan kasko, ta lulluɓe shi da zannuwan wata amarya, tana toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Na zayyana mata komai.

Ta ce, “Wane mahaukaci ne zai yi turare ƙofa a buɗe? Ko dubu ne, ba sai a rufe ba? Miƙo min garwashi.”

Na tsaya da cokalin wuta a hannu. In fuskokin a naɗe suke, ƙanana ƙwarai, tamkar ƙofofi a rufe, ƙarfin ba zai sami wurin gudu ba. Amma ƙofofi marasa iyaka, kowace tana ɗan zurara, za su riƙe shi? Kwana uku ina lissafi, na cika shafi tara, na kasa gamawa.

Na kai wa Malam. Ya juya shafin farko, ya mayar mini, ya ce an riga an rubuta sunana a jerin masu zare.

Wata biyu na yi ina ƙirga lilon dalma da agogo. Na sami adadin da kowa ya samu, na ci jarrabawa. Shafuka taran suna ƙasan akwatina, sun kama ƙamshin Kaka, har yau babu wanda ya gaya mini ko na yi kuskure.