Sunan da Zan Fara Kira a Filin Arba wa Nus

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, kuma har yau ina da ƙorafi a kansa. Ya tafi ya bar mini ƙungiyar ƙwallon gora da ba ta cin wasa. Wasu gida ake bar musu, wasu shago, ni kuwa ƙungiyar Balbela aka bar mini: fararen riguna da suka koma ruwan ƙasa, da tsohuwar gora mai ɗauri a wuya, da taron maza masu gardama. Na faɗa masa haka yana raye, ba kuma zan fasa ba don ya kwanta dama. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, amma abin da ya yi ke nan.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sale direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa ma'aikatan jakadanci a unguwar Zamalek ta birnin Alƙahira. A makarantar kwana a Zariya ya koyi ƙwallon gora, wato hoki, kuma bai taɓa warkewa daga ciwonta ba. Shi ya ɗauko ni zuwa Alƙahira bayan mijina ya rasu. Shi ya kai ni ajin manya na haura arba'in, ya zauna a bakin ƙofa kamar wanda ya kawo 'yar firamare, don ya san da ya juya baya zan gudu. Wannan rubutun da kuke karantawa, da hannun da ya tilasta wa riƙe alƙalami nake yin sa. To ya sha abin da ya dama.

A Arba wa Nus ya kafa gasarsa, can gabashin gari inda 'yan'uwanmu Hausawan Sudan da sauran baƙi suka cika. Filin wata cibiyar matasa ya samu, rairayi ne zalla, kowace Juma'a bayan La'asar. Da farko dariya ake yi masa, wai ga ƙarti sun ɗauki sanduna suna bin ɓera. Bai kula ba. Ya bi kafintoci har suka iya lanƙwasa bakin gora, ya bi samari gida-gida, har aka wayi gari ƙungiyoyi biyar ne ke karawa, masu dariyar nan kuma sun koma masu ihu a gefen fili.

Akwai wata doka da ya shigo da ita, ita ce tushen maganata ta yau. A gidan wani Bature ya gano ta, ranar da ya kai maigidansa liyafa ya zauna jira a kicin. Talabijin na nuna irin hokin da suke yi a kan ƙanƙara, kukun gidan ya yi masa bayani cewa a can kowace shekara ana tara sababbin 'yan wasa a raba, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓe. Ya dawo gida kamar wanda ya yi mafarki mai daɗi, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Hajara, ashe akwai inda ake fara tambayar na baya abin da yake so!"

Tun daga nan haka muke yi. Sababbin zuwa su yi wata guda suna koyo tare, ranar zaɓe su jeru a tsakiyar fili. Mai riƙe da gorar kowace ƙungiya ya ɗaga murya ya kira suna, wanda aka kira ya tako ya kama gorar, shi ke nan ya zama ɗan gida. Na ƙarshe a gasar bara shi ke fara kira.

Balbela kuwa kusan kullum ita ke fara kira, don kusan kullum ita ce ta ƙarshe. Dalili a fili yake. Yaya ba ya zaɓar kowa sai wanda ya fi kowa iyawa, kuma a Arba wa Nus wanda ya fi kowa iyawa shi ne mai ƙafar tafiya: matashi, lafiyayye, mai dangi a waje, wanda takardunsa ke motsi. Kafin gasa ta yi nisa sai a kira shi a waya, an ba shi Kanada ko Ostireliya. Yaya da kansa zai ari mota ya kai shi filin jirgi yana washe baki, mu kuma mu dawo mu ci gaba da shan kashi har ƙarshen shekara. Na ce masa, "Yaya, wai kai ƙungiya kake ginawa ko tashar mota?" Ya ce, "Ke dai bar su. Mutum ya tafi da abu ɗaya mai daɗi daga garin nan."

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, a gaban amininsa Bitrus, mutumin Filato da ke aiki a ofishin jakadanci, ya sa aka ɗauko gorar ya ɗora ta a cinyata. Tun daga ranar ni ke kiran suna, 'yan wasan kuma suna kira na Gwaggo, tunda shi Baba suke ce masa. Na bi tafarkinsa sau da ƙafa. Na kira gwanaye, na yi musu dambun nama na guzuri, na ɗaga musu hannu.

Wani lokaci idan ina haye gada zuwa Zamalek da kulolin tuwo, sana'ar da nake yi wa iyalan ma'aikata, rana ta yi sanyi, balbelu sun fara sauka a bishiyoyin bakin Nilu, sai filin ya buɗe a idona. In ga duk waɗanda muka taɓa kira sun dawo. Sun sauko daga ƙasashen dusar ƙanƙara, sun tuɓe manyan rigunan sanyi, ga fararen rigunan Balbela a ƙasa, sababbi fil. Ƙura ta tashi ta yi launin zinariya, Yaya na tsakiya da usur a baki bai hura ba, yana kallo kawai. Ƙwallo na tafiya daga gora zuwa gora ba ta taɓa ƙasa, sai cikin raga, sai cikin raga. Sai direban tasi ya ce, "Yalla ya Hajja, mun iso," in sauka da kulolina. Suna turo mini hotuna a waya, Allah ya yi musu albarka, wani da 'ya'ya uku, wani ya yi tumbi. Amma hoto ba ya tare ƙwallo ranar Juma'a.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai ga unguwar yau. Ya rasu kafin yaƙin Sudan ya kwararo mana da mutane. Ɗakin da mutum uku ke kwana yanzu bakwai ne a ciki. Layin sababbin zuwa a fili bai taɓa yin tsawon na bana ba, kuma idanunsu ba irin na da ba ne, wasu ko usur aka hura da ƙarfi sai sun zabura. Na san zai yi kuka a ɓoye, sannan ya tafi wurin kafinta ya ce a ƙaro gorori.

Cunkoson ya taɓa mu ta wani gefe. Masu cibiyar sun ce masu neman fili sun yi yawa, lokacinmu zai ragu, ƙungiya huɗu kawai zai ɗauka. An zauna an yanke cewa wadda ta zo ta ƙarshe a bana za a rushe ta, a raba 'yan wasanta. Bara mu ne na ƙarshe. Saboda haka zaɓin farko namu ne, idan kuma na kira sunan da ba shi ba, daga shi Balbela ta gama kira.

Sunaye biyu ne a bakin mutane. Akwai Mujtaba ɗan garin Mai Wurno na Sudan, saurayi siriri, wanda watan jiya ya fara riƙe gora amma ƙwallo ke bin sa kamar ta san shi. Kowa kuma ya san kawunsa na Kanada ya nema masa tafiya, har an kira shi ganawa. Akwai Isyaku, mutumin Gadarif, shi ma daga Sudan, ya haura talatin da biyar, mai guga ne a wani shago a bakin kasuwa. Ya daɗe a garin nan, bana ne kawai ya shigo fili. An rufe fayil ɗinsa na neman mafaka, ya ɗaukaka ƙara, aka sake rufewa. A wurin koyo ya shiga raga ne don kowa ya ƙi. Ba shi da sauri, amma faɗi gare shi, kuma na ga ƙwallon nan mai taurin dutse ta same shi a ƙirji bai ko ƙifta ba. Ƙungiyar da za ta kira suna bayanmu golanta ya tafi, don haka in na tsallake Isyaku, ba zan sake samun sa ba.

Juma'ar da ta wuce, bayan an tashi daga koyo, aka yi cincirindo a wurin mai shayin bakin fili. Bitrus ya fara. Ya ce, "Hajiya, ba a kashe zaɓin farko a kan gola. Ko'ina a duniya ba a yi. Ki ɗauki yaron nan ya zuba mana ƙwallaye kafin ya tafi, khalas, shi ke nan."

Malam Ɗahiru, ɗalibin jami'a da ya fi wasu malamansa daɗewa a cikinta, ya ajiye kofi ya ce, "Ya zuba guda nawa, Oga Bitrus? Wata biyu ya yi mana, mu yi wata shida muna kallon hotonsa? Golanmu na bara fa ƙwallo har sallama take yi masa in za ta wuce."

Aka kwashe da dariya, har shi golan, da ke zaune a wurin. Wani ya ce a ba wata ƙungiya zaɓin, a karɓi tsofaffin 'yan wasanta biyu. Aka ce masa tsofaffin da za su bayar ai gwiwoyinsu sun riga su ritaya. Wani ya ɗaga waya yana nuna mana cewa can ƙasar ƙanƙara ma irin wannan gardamar magoya baya ke yi, har da zage-zage. Malam Ɗahiru ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, su nasu in sun zaɓa zama yake yi."

Bitrus ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Hajiya, da Sale na nan, kin san wanda zai kira."

Na ce, "Sale ba ya nan, Bitrus. Ni ce nan." Na ga maganar ta soke shi, amma ban janye ba.

Gaskiyarsa ce duk da haka, ba kuma zan sa wa mamaci maganar da ba tasa ba. Mujtaba zai kira. Zai kira shi da murna, ya raka shi filin jirgi da murna, in an rushe Balbela ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Haka Allah ya yi shi: idonsa na kan masu tafiya. Dokar da ya ƙaunata ta tuna da ƙungiyar baya, amma ban taɓa ganin ya juya ya dubi mutumin baya ba. Ni kuwa da nake tsaye da gorar shekara da shekaru, su nake gani: waɗanda layi ke raguwa su rage, suna haƙa rairayi da yatsan ƙafa, har a raba su kamar ragowar kaya. Su ne kuma ke zuwa kowace Juma'a, ko ana sanyi ko ana zafi, su ne suka ɗauki gawarsa.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Sale, ba kofi ba ne, don ko ɗaya bai ci ba. Abin da ya bari shi ne wannan 'yar tafiyar daga layi zuwa gora. A garin da mutum ke yini a bakin ofis yana jiran a kira lamba, shi ya ƙirƙiro wurin da ake kiran mutum da sunan da uwarsa ta sani, a gaban jama'a, a ce kai muke so. Wannan ba ya tsufa. Amma sai akwai ƙungiyar da za ta kira. Na kuma san gola ba ya cin ƙwallo, muna iya tare raga shekara guda mu ƙare a ƙasa duk da haka. Idan hakan ta faru, a zage ni, kada a zagi yayana.

Washegarin gardamar wurin mai shayi, Asabar da safe, na hau ƙaramar bas ɗin da ake kira mikrobas na sauka a bakin kasuwa. Na sami Isyaku a shago, tururi ya rufe shi, yana goge wata farar jallabiya.

Ya ce, "Gwaggo, ina kwana? Kaya kika kawo?"

Na ce, "Ban kawo komai ba. Ranar Juma'a ka tsaya inda zan gan ka, ka kuma ɗaga kanka. Sunanka zan fara kira."

Ya tsaya yana kallona. Ya waiwaya bayansa, ko da wani nake. Can ya ce, "Ni? Gwaggo, kin san fayil ɗina a rufe yake. Ni ba inda za ni."

Na ce, "Na sani. Mu ma haka. Ɗaga dutsen gugar nan, rigar mutane na ƙonewa."