Baffa Ilu da 'Yan Damfarar Imel

Duk wanda ya zauna layinmu a Abakpa ya san Baffa Ilu da ƙarfe tara na safe. Zai shimfiɗa darduma a zaure, ya ɗora tsohuwar kwamfutarsa a kan kujera 'yar tsuguno, ya maƙala tabarau, ya ce, "To, su shigo ɗaya bayan ɗaya." Su wa? Wasiƙun 'yan damfara da suka kwana a imel ɗinsa. Kowa gogewa yake yi bai karanta ba. Shi kuwa a rajistar ma'aikata ya tsufa, kuma a cewarsa takarda ba ta taɓa shiga hannunsa ta fita babu amsa ba.

Ni 'yar ƙanensa ce, a hannunsa na girma. Babana Sule ya tafi Libiya neman aiki ina goye, tun daga nan shiru. Saboda shi Baffa ya buɗe imel bayan ya yi ritaya. Duk wanda zai nufi can sai ya rubuta masa adireshin a takarda, ko Allah zai sa su gamu. Sule bai rubuto ba, ɓarayin duniya ne suka rubuto.

Wata ta ce ita matar wani janar ce da ya mutu ya bar dukiya, tana neman mai amana. Baffa ya yi mata ta'aziyya tukuna, sannan ya tambaye ta ko ta fita takaba, kuma wane alƙali ne ya raba gadon. Shafi huɗu ya tura mata a kan haƙƙin marayu. Da ta gaji ta rubuto cewa shi mahaukaci ne, ya dube ni ta saman tabarau.

"Rabi, kin gani? Mace tana cikin makoki tana zagi. Rufe fayil ɗinta."

Fayil na gaske nake nufi, mai igiya. Buga wasiƙun yake yi a wani shago a Kawo, ya huda, ya ɗaure.

Wani kuma ya ce daga banki yake, a turo lambar sirri. Baffa ya ce ƙa'idar ofis ita ce lamba ɗaya duk mako, ya riƙa tura masa ta ƙarya. Wata huɗu bawan Allah nan yana jira.

"Baffa, don Allah ka toshe shi ka huta mana."

"In na toshe shi, gidan wa zai faɗa? Muddin yana layi a wurina, wata tsohuwar ta tsira. Kuma ke kin san ba na goge abin da ban karanta ba. In ta ubanki ce fa?"

Inda ya yi kuskure, surutu. In zance ya yi tsawo tsakaninsa da ɗan damfara, sai ya shiga yi masa wa'azi, har ya ba shi labarin ƙanensa da ya ɓata. Ai kuwa sai masu cewa su ne Sule suka fara fitowa. Na farko Baffa ya yi kwana biyu bai ci abinci ba don murna, kafin mutumin ya nemi kuɗin jirgi. Na biyu bai san sunan kakarsu ba. Daga na uku Baffa ya ƙirƙiro fom: hoto, sa hannun shaidu biyu, hatimin hukuma, kwafi uku. Ya ce Sulen da ya cika wannan, shi ne nasa.

Na huɗu ya zo da damina, da wani karyayyen Turanci. Wai yana kwance a asibiti, wani ne ke rubuta masa, ga lambar waya. Baffa ya tura fom. Amsa ta zo cewa ba shi da ƙarfin zuwa neman hatimi, a kira shi kawai, yana son jin muryar 'yarsa.

Ni kaina dariya na yi, wallahi. Na ce, "Wannan ya fi sauran iya aiki."

"Ya yi karatu," in ji Baffa. Ya rubuta masa cewa an karɓi takardarsa, za a duba in ta cika sharaɗi.

Mutumin ya sake rubutowa sau biyu, daga nan ya yi shiru. Baffa ya ɗaure fayil, ya ce wannan ma ya gudu.

Bayan babbar salla wani direba ɗan Rigasa da ya dawo daga Libiya ya yi sallama a zaure, da 'yar jaka a hannu. Shi ne ya yi jinyar babana, shi ne mai rubuta masa saƙon. Ya ce har ranar da babana ya cika, wayar na ƙarƙashin matashinsa, in ta yi ƙara sai ya ce a duba ko daga Kaduna ne.

Baffa bai yi kuka a gaban baƙo ba. Da baƙon ya tafi, ya sa na ɗauko fayil ɗin, ya karanta daga farko zuwa ƙarshe, ya sake karantawa.

"Rabi, zo ki duba mini. Akwai inda ya nemi kuɗi?"

Na duba. Babu.

"Ko layi ɗaya?"

"Babu, Baffa."

"Kira kawai ya ce a yi," in ji shi. "Ni na hana ki jin muryar ubanki."

Na ce masa tare muka yi dariyar, kuma na yafe. Bai karɓa ba. Har ya rasu a shekarar, kullum na kai masa abinci sai ya riƙe hannuna ya sake neman gafara, ni kuma in sake yafewa, gobe ya sake.

Har yau abin na ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma shi ya yi mini uba, kuma ban san wani ba. Allah Ka shaida na yafe masa. Ka jiƙansu su biyu, Ka haɗa su inda za su gane juna.