Sodangi da Motar da Agogonta Ya Tsaya

Sodangi mutumin Gurbin Bore ne, can ƙasar Zurmi. Mahaifinsa manomi ne mai 'yan shanu, kuma ya so a ce ɗan ya gaje shi, amma tun yana saurayi hankalinsa na bakin hanya, inda manyan motoci ke wucewa zuwa Jibiya. Wani rani sai ya bi wani direba zuwa Kaura Namoda ya zama karen mota. Daga ɗaurin igiya da wanke-wanke har aka fara miƙa masa sitiyari in hanya ta miƙe. Haka ya girma yana tuƙa motocin mutane, yau gero da dawa zuwa kudu, gobe albasa daga Shinkafi, wani lokaci shanu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma ba ya son gudu. Direbobin tasha kan tsokane shi cewa ko jaki zai wuce shi a hawa, shi dai sai ya yi dariya. Bai taɓa kifar da mota ba.

Da aka ba Zamfara jiha, aiki ya buɗe wa masu manyan motoci. Ana gine-gine a Gusau, ana neman yashi da siminti da katako, ga hatsi kuma kullum sai an kwasa. Sodangi na da yaya mace a Kaura, Hajiya Laila, wadda ke sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mata da yawa na yi mata aiki a gida. Ta gaji da direbobin da za su yi mata alkawarin ɗaukar kaya su ɓace. Wata rana ya zo gaishe ta, ta ajiye masa fura, ta ce masa lokaci ya yi da zai tuƙa tasa. Ta ce ya sayar da shanun da ya gada, ita ta cika abin da ya rage, su yi tarayya. Ya ce mata tsohuwar mota sai a hankali, don wata in ka saya, ita za ta cinye ka. Ta ce ai shi ya sa ta zaɓe shi ba wani ba.

Ya daɗe yana nema. Duk inda ya ji labarin babbar mota mai shan gas ta sayarwa, sai ya je da sassafe, kafin a tayar da ita, don ya ga irin hayaƙin da za ta fitar tana sanyi. Yakan zaro baƙin mai ya murza a yatsa ya sansana. Yakan kwanta ƙarƙashinta ya duba ko an yi wa ƙarfen gindinta walda. Agogon da ke nuna nisan tafiyar mota kuwa, bai yarda da shi ba, don ya san akwai masu mayar da shi baya. A Gusau an nuna masa wata mai sabon fenti, agogonta na cewa ba ta je ko'ina ba, amma matakin kuloci da na birki sun suɗe har ƙarfe na ƙyalli, kujerar direba ta lotsa. Ya yi wa dillalin godiya ya kama hanya.

Shekarar da aka fara Shari'a, sai labari ya zo masa cewa Alhaji Hamisu na Shinkafi, wani dattijo mai fataucin fatu, zai sayar da motarsa, don ƙarfinsa ya ja baya kuma 'ya'yansa sun kama wasu sana'o'i. Sodangi ya isa ran kasuwa, ya sami motar a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, koriyar mota ce da rana ta ci launinta, bodin katako ya sha faci. Ya zagaya ta, ya ga ba a ɓoye komai da fenti ba, abin ya kwanta masa. Yana leƙa agogon, sai Alhajin ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka wahal da idonka, Malam Sodangi. Agogon ga ya tsaya tun zamanin da ba a ko maganar jiha. Liman ya yi muna wa'azi a kan ɓoye aibin kaya, to ga nata na hwaɗa maka tun ba ka tambaya ba."

Sodangi ya tambaye shi ko zai iya kintata tafiyar da ta yi. Alhajin ya ce shi fatu ya sani, bai san mota ba. Amma mutum ɗaya ne ya tuƙa ta kusan duk rayuwarta, sunansa Ɗanasabe, wanda ciwon ido ya sa ya bar tuƙi ya koma garinsu Zurmi yana sayar da goro. Sai ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa masa, ya ce ya kai ta wurin Ɗanasabe, ya ji ta a hanya, ya ji kuma daga bakin mai ita na gaskiya. Sodangi ya tsaya yana kallon makullin a tafin hannunsa. Ya ce ai ko shaida ba a yi ba. Alhajin ya ce ya riga ya tambayi 'yan tasha ko shi wane ne, kuma an gaya masa ko ya so gudu da ita ba zai yi nisa ba, saboda irin tuƙinsa.

Washegari da safe ya tayar da ita. Ta kama a bugu ɗaya, ta ɗan yi farin hayaƙi, ya washe. Ya biyo ta Kaura ya ɗauki Hajiya Laila, wadda ta ce ba za a sayi abu da guminta ba ta ji zamansa ba. A lokacin an fara raba motocin haya na mata da na maza, saboda haka a bakin gari wasu 'yan agaji suka tsayar da su, suka tambaya cikin ladabi ko wace ce a gaba. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce musu wannan direban ita ta goya shi, kuma har yau bayanta na tuna nauyinsa. Suka yi dariya, suka ba ta haƙuri, suka yi musu addu'ar sauka lafiya.

A hanyar Zurmi Sodangi ya kasa kunne yana sauraren motar. Injin na tafiya sumul, allurar zafi ba ta motsa ba. Sai a wata gangara giya ta uku ta fita da kanta, ya mayar, can gaba ta sake fita. Ya gyaɗa kai.

Ba su ma tambayi rumfar Ɗanasabe ba. Suna shiga layin 'yan goro suka hango wani dogon tsoho mai baƙin tabarau ya miƙe tsaye yana karkata kunne. Da motar ta tsaya, ya lalubo ya dafa goshinta da hannu biyu, ya ce tun daga kwana ya gane muryarta. Ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, ya ɓare goro ya rarraba, sannan ya shiga ba da labari. Ya ce da ƙuruciyarta babu makon da ba ta sauka Ikko ko Anacha da fatu, ta dawo da gishiri da kwanon rufi. A wancan zamanin ne agogon ya mutu, kuma ya mutu ne bayan ya riga ya zagayo ya koma farko. Daga baya aka kai ta Kano aka sauke injin aka sabunta cikinsa, shi da kansa ya zauna a kan makanikan har suka gama. Tun daga nan ba ta ƙara dogon zango ba, iyakarta Shinkafi, Kaura, Gusau. Bai taɓa barin baƙin mai ya tsufa a cikinta ba, bai kuma taɓa zuba mata gas na bakin hanya ba.

"Ta yi tahiya hiye da yadda kaka tsoro," in ji shi. "Amma zuciyarta ba ta kai jikinta tsuhwa ba. Ka gyara giya ta uku, ka sake sifirin na baya, ka riƙa yi mata magana da safe."

Hajiya Laila ta tambaye shi ko maganar dole ce. Ya ce shi dai ya yi, kuma ba ta taɓa kwanar da shi daji ba. Kafin su tashi ya roƙi a zagaya da shi gari. Sodangi ya ɗora shi a gaba, suka bi ta kasuwa yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga Makka.

Da suka koma Shinkafi, Sodangi ya riga ya san abin da zai saya: tsohon jiki, inji mai sauran ƙarfi, da gyara iri biyu da ke jiransa. Alhaji Hamisu ya faɗi kuɗinsa, Sodangi ya taya, Alhajin ya ce albarka. Sodangi ya zayyana masa abin da ya gani da wanda ya ji, mai daɗi da marar daɗi, har da yabon injin, wanda Hajiya ta harare shi a kai. Aka yi ta ja har aka kira azahar, aka je aka yi salla aka dawo. Daga ƙarshe Hajiya ce ta raba gardama. Ta ce Alhaji ya sauke kuɗin giya da sifirin, su kuma duk lokacin da yake da fatun da zai kai tashar jirgi a Kaura a wannan shekarar, su za su ɗauka kyauta. Dattijon ya yi murmushi, ya ce ashe da 'yar kasuwa yake ciniki. Ya kama hannun Sodangi ya ce ya sallama, Allah ya sa a ci riba. Aka kira maƙwabta biyu suka shaida, aka shafa fatiha.

Motar ta yi masa aiki shekaru. Da rani yashi da bulo, da kaka buhunan gero, ran kasuwa kuma jarkokin man Hajiya, waɗanda ba su ƙara kwana a zaure suna jiran direba ba. Da ita ya gina gidansa a Kaura, da ita ya mayar da shanu garken gidansu a Gurbin Bore. Da ya tashi aurar da 'yarsa Hussaina ga wani malamin firamare na Kurya Madaro, ya wanke motar tas, aka loda gado da kwalla da tabarmi, mata suka cika baya suna ta guɗa. Ya bi da su a hankali saboda kwanukan amarya, har masu kekuna na wuce su suna yi masa barka. Da suka isa, surukansa suka yanka masa rago, kuma sai da ya ci ya ƙoshi kafin ya yarda aka fara sauke kaya.