Ranar da Baba Ya Tambaye Ni Ma'anar Ostarati

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Baba makwancinsa a ƙauyenmu, gabas da Gezawa. Allah Ya jiƙansa. A bana kuwa, tunawa da shi da faɗuwar gaba ta zo mini.

Lokacin da rediyo ta ishe mu da kalmar ostarati, ina sabon malamin firamare, ji nake duk Turancin duniya a aljihuna yake. Wata rana a bakin rumbu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, wannan Ostarati da aka ce ya shigo ƙasa, mutum ne ko annoba?"

Na yi dariya na ce, "Tsuke bakin aljihu ne kawai, Baba. Abu ne na ɗan lokaci."

"To," in ji shi. "Fari na san shi, yunwa ma mun gaisa, kowanne kakanni sun bar mana dabararsa. Amma wahalar da sai an fassara maka sunanta, ta ina za ka tare ta?"

Duk da haka ya yarda da ni. Wannan "ɗan lokaci" da na ƙara da bakina shi ya sa ya sayar da hatsin ajiya ya rufa wa ɗakin Inna kwano. Damina ta gaza, farashi ya haukace, muka ci dusa. Kafin kaka sai da gonar fadama ta fita daga hannunmu. Har ya koma ga Allah bai ce da ni uffan ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yau da zai leƙo, da ya tarar wahalar ta yi sababbin sunaye, masu yanka filotai kuma sun iso bayan gari. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maƙwabtanmu duk sun sayar da gonakinsu. Ƙannena ma sun matsa a sayar da gonar tudu, don gidajensu ba hatsi. Ni ne babba, amincewata suke jira ranar Juma'a.

Abin da ya rage na Baba ke nan: ƙasar da ya yi shekara arba'in yana ɗauko mata taki daga birni a kan jaki, har ta yi baƙi. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. In mun sayar, jikokinsa za su ci tuwo bana. Baɗi kuwa ban san inda za su shuka ba.